Yaya ɗan canjin pH a cikin ƙwayar halitta ke shafar aikinta?

Ɗalibar Bayero: Assalamu alaikum. Ina karatun ilimin sinadaran jiki a Jami'ar Bayero, kuma akwai abin da ya shige mini duhu. An koya mana cewa ma'aunin tsami, wato pH, a ruwan cikin ƙwayar halitta yana kusan 7.2, na jini kuwa tsakanin 7.35 da 7.45. Ta yaya sauka daga 7.2 zuwa 6.9, wadda ko rabin lamba ba ta kai ba, za ta rage sarrafa sukari, har ma a ce saƙo ne ƙwayar ke karɓa?

Malami daga Gwale: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Lambar ce ke ruɗin ido, domin kowace lamba ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ce, saboda haka saukar 0.3 tana nufin haidurojin da ke yawo a ruwan ya ninka sau biyu, wato tsami ya ƙaru. Furotin kuwa da siffarsa yake aiki, kuma a jikinsa akwai wani sinadari mai suna histidin wanda ke kama haidurojin ko ya sake shi a kusa da wannan mataki, da zarar ya kama sai cajin wurin ya sauya, siffar ta ɗan karkace. Ki dubi madarar da aka zuba wa mayi aka rufe a ƙwarya: tsami ne kawai ya ƙaru, amma kafin gari ya waye furotin ɗinta ya dunƙule ta zama kindirmo.

Wanda ya fi jin wannan canji a hanyar farfasa sukarin gulukos shi ne fosfofuruktokainas, wani enzayim (furotin mai hanzarta sauyin sinadarai) wanda aikinsa ke ja baya idan tsami ya yi yawa. Tun da farfasawar kanta tana haifar da tsami, wannan birki ne da ke hana ƙwayar halaka kanta. A tsokar mai gudu da ƙarfi pH kan sauka zuwa wajen 6.5, haidurojin kuma ya riƙa gogayya da kalsiyam a wurin da kalsiyam ɗin ke kamawa don tsokar ta motsa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Fagge: Malam ya yi bayanin sauka, ni kuma a ganina hawan ya fi amsa tambayarki game da saƙo. A fatar ƙwayar akwai furotin NHE1 mai fitar da haidurojin ya shigo da sodiyam, kuma sinadaran da ke umartar ƙwaya ta rabu biyu suna zaburar da shi, pH ya ɗan hau, wannan hawan kuwa shi ne saƙon da kike tambaya a kai. Ƙwayoyin sankara sun riƙe wannan hanya: cikinsu kan kai 7.4 ko fiye, kewayensu kuma ya yi tsami, abin da ke taimaka musu wajen kutsawa cikin naman da ke maƙwabtaka da su.

Mai harhaɗa magani, Sabon Gari: A ƙara da cewa ƙwayar ba pH ɗaya gare ta ba. Laisozom, jakar da ke narkar da sharar ƙwayar, yana tsakanin 4.5 da 5, cikin mitokondiriya, inda ƙwayar ke samar da kuzari, kuwa kusan 8, kuma bambancin haidurojin a ɓangarori biyu na fatar mitokondiriya ta ciki ne ke tuƙa samar da ATP, sinadarin da ke ɗauke da kuzarin ƙwayar, bayanin da ya sa Peter Mitchell ya sami kyautar Nobel a 1978. Kulorokwin ma da tsami yake aiki, domin yana taruwa ne a jakar narkar da abinci ta ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, inda tsamin ke ba shi caji ya kasa fita.