Muhawara: Shin Sai An Fitar da Yaro Tun Sakandare Kafin Ya Samu Jami'a Mai Kyau a Waje?

Alhaji: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne, duk mai son ɗansa ya shiga babbar jami'a a Ingila ya fitar da shi tun yana ɗan shekara 16, ya yi shekaru biyun ƙarshe na sakandare a makarantar ƙasa da ƙasa a can. Jami'o'in Ingila da yawa ba sa ɗaukar mai takardar WAEC kai tsaye, sai ya yi shekarar share fage, alhali mai A Level (jarrabawar kammala sakandare ta tsarin Ingila) ko IB (takardar sakandare ta ƙasa da ƙasa) yana neman gurbi ta UCAS, hukumar da ake neman jami'o'in Birtaniya ta hannunta, kamar kowa, har ya zaɓi kwas biyar.

Malama: Wa alaikumus salam. Alhaji, maganarku kan WAEC haka take, sai dai kun haɗa jarrabawa da ƙasa, kuma ba abu ɗaya ba ne. Ana rubuta A Level a Legas da Abuja, ana kuma koyar da IB a Legas da Tema ta ƙasar Gana. Tsarin IB, wanda aka kafa a Geneva a 1968, iri ɗaya ne ko'ina: darussa shida, kowanne ana ba da maki daga 1 zuwa 7, sai ƙarin maki 3 daga darasin nazarin ilimi da kuma maƙalar bincike mai kalmomi har 4,000, jimla 45. Yaron da ya ci 38 a Tema bai gaza wanda ya ci 38 a Landan da komai ba.

Hajiya: Ni na bi hanyar da Alhaji yake faɗa, don haka abin da na gani zan faɗa. Na kai ɗana makarantar kwana a Ingila, ina zaton zaman shekaru biyun zai sa a rage masa kuɗin jami'a kamar ɗan ƙasa. Ashe zaman da aka yi don karatu ba ya shiga wannan lissafin, kuɗin baƙo za mu biya daga farko har ƙarshe. Sai ga sauyin tsarin canji na watan Yunin 2023, dalar da ake saya kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, sannan daga Janairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai azuminsa na farko ne. Ya kira ni da asuba yana sahur shi kaɗai da burodi da ruwan shayi a bakin gado, yana magana ƙasa-ƙasa don kada ya tashi abokin ɗakinsa. Na ajiye wayar ina hawaye, domin yaron bai kai shekarun ɗaukar wannan kaɗaicin ba.

Ɗalibi: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Duk da haka ina ganin maganar Baba Alhaji tana da tushe. A irin waɗannan makarantu akwai malamin da aikinsa ke nan, ya zauna da yaro ya duba takardar bayanin kansa, ya rubuta masa shaida, ya tuna masa cewa Oxford da Cambridge da yawancin kwasa-kwasan likitanci suna rufe karɓar takardu ranar 15 ga Oktoba. Na ga masu ƙoƙari da suka rasa shekara guda saboda babu wanda ya gaya musu wannan ranar. Kuma ba 'ya'yan masu hali kaɗai ke tafiya ba: makarantun UWC, wato rukunin makarantun ƙasa da ƙasa na United World Colleges, da suka faro a yankin Wales na Birtaniya a 1962, suna ɗaukar ɗalibai ta hannun kwamitocin ƙasashe tare da tallafin karatu, kuma ɗaya daga cikinsu, Waterford Kamhlaba, tana Eswatini.

Alhaji: Hajiya, Allah ya raya shi, ya sa wahalar ta zama alheri. Na karɓi gyaran Malama, amma ban janye gaba ɗaya ba, domin yaron da ya saba da yaren mutanen da salon koyarwarsu tun sakandare ba ya ruɗewa a shekarar farko ta jami'a kamar sabon zuwa.

Malama: Sabon yana da amfani, Alhaji, amma ku kun ce wajibi ne, kuma nan ne muka saɓa. Akwai ma abin da iyaye kan manta: idan kuɗi ya yanke, mai A Level ko IB yana iya neman shiga aji biyu a jami'ar Najeriya ta hanyar JAMB, to amma sai ya kammala ya karɓi sakamako. Wanda aka dawo da shi a tsakiyar shekara ta biyu ba shi da takardar can, kuma sai ya sake neman hanya a nan.

Hajiya: Shi ya sa da ƙanwata ta nemi shawarata kan 'yarta, na ce ta lissafa kuɗin shekaru biyar, biyu na sakandare da uku na digiri, a kan canjin da ya fi na yau tsada. Da lissafin bai fita ba, ta sa yarinyar A Level a Abuja, kuma bana za ta cike takardun neman jami'a.