Kundin waƙa mai faifai biyu: ko tsawonsa yana biyan kuɗin sabulu?

A wata muhawara kan ko kundin waƙa mai faifai biyu ya cancanci tsawonsa, mafi yawan masu sauraron da suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa tsawo kaɗai ba ya ƙara wa kundi daraja. Sun tunatar da cewa kowane gefe na faifan garmaho yana ɗaukar kimanin minti 22 ne, don haka faifai biyu na neman mutum ya zauna kusan awa ɗaya da rabi, yana tashi sau uku domin juya faifai ko sauya shi.

Shawarar da ta fi nauyi ita ce a duba dalilin tsawon. Idan labari guda ake bi daga farko zuwa ƙarshe, kamar kundin The Wall na ƙungiyar mawaƙan Birtaniya Pink Floyd a 1979, yanke shi zai lalata ma'anarsa. Amma idan mawaƙi ya kasa zubar da raunanan waƙoƙinsa ne, mai sauraro ke ɗaukar wahalar. An kawo misalin kundin ƙungiyar mawaƙan Birtaniya Beatles na 1968 mai waƙoƙi 30, wanda furodusansu George Martin ya so a tace shi ya koma faifai ɗaya, kodayake masoyan kundin har yau suna ganin yalwar ce armashinsa.

Ni dai na fi gamsuwa da masu cewa a saurari faifai ɗaya yau, a bar na biyun sai kunne ya huta.