Kundayen tarihin sarakuna: da wanne za a fara, kuma ina ake samunsu a Kaduna?

Ɗalibi daga Kawo: Salamu alaikum malamaina. Tsoffin kundayen sarakunan ƙasar Hausa nake nema don rubutun digiri. Da wanne zan fara?

Malam na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Fara da Tarihin Kano, ɗana. Da Larabci aka rubuta shi, ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda har Muhammadu Bello, a ƙarshen ƙarni na 19. Palmer, wani jami'in Turawan mulkin mallaka, ya fassara shi da Turanci a 1908, ta Hausa kuwa tana cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Sai dai ka yi hattara da shekarun. Shekarar nan ta 999 Miladiyya da ake liƙa wa hawan Bagauda sarauta ba ta cikin Larabcin. Marubucin tsawon sarauta kaɗai ya bayar, wane ya yi shekara kaza, Palmer ne ya yi ta ɗebewa da baya-baya. In an tsallake sarki ɗaya, duk na gabaninsa sun gurɗe.

Malama daga Unguwar Rimi: Allah ya gafarta Malam, ga kuma batun Hijira. Shekara 33 ta wata daidai take da 32 ta rana, wato kowace ɗari ana rasa uku. A shekara 900 an doshi 27 ke nan. Gajeriyar hanya: ninka ta Hijira da 0.97, ka ƙara 622. Gwada da 1227, shekarar da Muhammadu Bello na Sakkwato ya kammala Infaƙul Maisuri, za ka faɗo kan 1812.

Malam na Tudun Wada: Haka ne. Kuma kada ka tsaya kan kundi guda. Tarihin Kano ya ce Wangarawa, malamai da fatake daga Mali, sun zo zamanin Yaji, ƙarni na 14. Aslul Wangariyyina, wanda aka rubuta wajen 1650, ya kai zuwansu zamanin Rumfa. Tazarar ta kai shekara ɗari! Shi zamanin Rumfa yana da turke, don Shehu Magili, malami daga Arewacin Afirka, ya sauka Kano wajen 1492 ya rubuta masa littafin shawarar mulki.

Bazazzagi a Rigasa: Mu ma muna da tamu. Tarihin Kano ya ambaci Amina zamanin Sarki Dauda, farkon ƙarni na 15, jerin sarakunan Zazzau kuma ya sa Bakwa Turunku a 1536, alhali ana cewa Amina 'yar Bakwa ce. Ka kawo duka biyun a rubutunka, kada ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi. Ka haɗa da tarihin Abuja na Hassan da Shu'aibu Na'ibi, a nan za ka ji ta bakin Haɓe, dangin Sarkin Zazzau Makau da ke Suleja yanzu.

Ɗalibi daga Kawo: Na gode ƙwarai. Ina zan ga takardun da idona?

Malama daga Unguwar Rimi: Arewa House a titin Rabah, sai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a titin Yakubu Gowon. A na biyun lambar fayil ce jagora: ZARPROF lardin Zazzau, KANPROF Kano, SOKPROF Sakkwato. Ka rubuta lambar cikakkiya kafin ka mayar da fayil.

Malam na Tudun Wada: In an miƙo maka rubutun hannu, shafin ƙarshe za ka fara dubawa, nan mai kwafe yake sa sunansa, wani lokaci har da shekara. Takardun ba a ɗinke suke ba, a cikin tadarishi ake jera su. Kalmar da ke rataye a gindin shafi ita ce farkon na gaba. In ba su dace ba, an hautsina ko wata ta ɓata. Rubutun kuma irin na allo ne: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Masar a nan yake karanta sunan sarki ba daidai ba.

Bazazzagi a Rigasa: In aikin ya taɓa Barno, nemi na Imam Ahmad bin Fartuwa kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma, waɗanda ya rubuta a 1576 da 1578. Limaminsa ne, ya ga abin da ido, amma yabon ubangida ya yi yawa a ciki, sai ka tace.