Abin da masu tseren keke suka ba da shawara a kai

Masu tseren keke sun tattauna kan yadda za a tafiyar da ƙananan kulob da gasanni. Tattaunawar ta fi daɗewa a kan kuɗi. Ƙungiyoyin ƙwararru a Turai kusan duk abincinsu yana hannun kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu, domin kuɗin talabijin na Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, na shiga aljihun kamfanin ASO ne, mai gasar. Ranar da mai talla ya janye, ƙungiya ta watse. Shawarar da aka fi yarda da ita: kada ƙaramin kulob ya rataya a wuyan mutum ɗaya. A tara kuɗin mambobi, a nemi 'yan kasuwar unguwa uku ko huɗu, ko da kaɗan-kaɗan ne. An kawo misalin Birtaniya, inda aka soke gasar mata ta Women's Tour a 2023 saboda rashin kuɗi.

Sai batun rai. 'Yan tsere biyu sun rasu bayan faɗuwa a gasa: Gino Mäder a gasar Switzaland a 2023, Muriel Furrer mai shekara 18 kuma a Zurich a 2024. Masu shirya ƙananan gasanni su sa mutum a kowace kwana mai gangara, motar asibiti ta biyo baya. Wannan, a ganina, ba abin jayayya ba ne.

An ɗan taɓo tsadar kaya. Yaro mai farawa ba ya buƙatar keken kabon, wato irin marar nauyi mai tsada na ƙwararru. Keke na hannu mai birki lafiyayye da hular kwano sun wadatar. Wani ya tuna cewa Biniam Girmay, ɗan Eritiriya da ya ci koriyar riga, kyautar wanda ya fi tara maki a Tour de France, a 2024, a tseren titunan Asmara ya taso.