Me za mu kira masu neman tsoffin sulalla da na'ura a lambunan shaƙatawa?

Malam Tafinta: Salamu alaikum. Ina fassara wani rahoto kan abin da Turawan Ingila da Amurka ke kira metal detecting. Mutum zai ɗauki wata sanda mai faifai a gindinta, ya sa abin sauraro a kunne, ya shiga lambun shaƙatawa na gari yana wurga faifan dama da hagu dab da ciyawa. Da ta yi ƙara sai ya durƙusa, ya yanke ciyawar da 'yar wuƙa, ya zaro abin da ke ƙasa, ya mayar da ciyawar yadda take. Galibi marfin kwalba ne ko ƙusa, jefi-jefi kuma tsohon kwabo. Sunaye uku nake nema: na na'urar, na aikin, da na mai yin sa.

Sani Ɗan Gusau: Malam, ai maganaɗisu ne kawai. A ce "sandar maganaɗisu" a huta.

Injiniya Habu: A'a, Sani, wannan zai ɓatar da mai karatu. Maganaɗisu ba ya kama tagulla ko azurfa ko zinariya, su kuwa su ake nema. A cikin faifan akwai waya da aka nannaɗe, lantarki na kai-komo a cikinta. In ta zo kan ƙarfe, ƙarfen sai ya mayar da martani, na'urar ta ji ta yi kuka. Masu kyau ma ana saita su su ƙyale ƙusa. "Na'urar gano ƙarfe" ta wadatar, kuma ta haɗa har da wadda ake shafa wa mutane a ƙofar banki da wadda sojoji ke neman nakiya da ita.

Ɗan Agadas: Na yarda da Injiniya. Irinta ce masu neman zinariya suka riƙa yawo da ita a Jado, can arewacin Nijar, tun 2014. Amma sunan ya yi tsawo a baki. Ni da "mashinshina" na ce, tunda shinshinar ƙasa take yi.

Malam Tafinta: Mashinshina ta yi daɗi a hira, sai dai a rahoto za a ɗauka kare nake nufi. Na ɗauki ta Injiniya. Saura aikin, nan ne gizo ke saƙar.

Sani Ɗan Gusau: To su ba 'yan jari-bola ba ne? Bambancin kawai nasu na da batir.

Hajiya Rabi: Kai Sani, ba ka rabo da tsokana. Ɗan jari-bola kilo yake nema ya sayar ya ci abinci. Waɗannan kuwa wani zai yini cikin sanyi a kan kwabo ɗaya, ya wanke shi, ya duba shekararsa da kan sarkin da ke jiki, ya adana. Ni "kala" ta faɗo mini, yadda yara ke bin gona bayan an cire gyaɗa suna tsintar abin da ya saura. Kalar sulalla.

Injiniya Habu: Hajiya, ma'anar ta zauna daram, amma a rubuce akwai matsala. Yaran yanzu in suka ga "kalar sulalla" launi za su fahimta.

Hajiya Rabi: Haka ne kuwa. To "tsintuwa" fa?

Malam Buhari: Tsintuwa karo ake yi da ita, ba a fita nemanta. Kuma kalmar tana da hukuncinta a fiƙihu: a yi cigiya har shekara. Abin da mutanen jahiliyya suka binne kuwa rikazi ne, ana fitar da humusi. Su ma Turawan sun raba biyun. A Ingila dokar 1996 ta ce in ka tono sulallan zinariya ko azurfa biyu ko fiye a wuri guda, da suka haura shekara 300, dole ka kai rahoto cikin kwana 14. In gidan tarihi yana so, a yi musu kuɗi, a raba lada tsakanin wanda ya gano da mai fili. Saboda haka, Malam Tafinta, inda rahotonka ya ce treasure, "binnanniyar dukiya" ko rikazi zai fi dacewa, kamar ta ƙauyen Hoxne a Ingila da wani mai suna Eric Lawes ya gano a 1992 yana neman gudumar abokinsa da ta ɓata a gona, sulallan Rumawa sama da 14,000. Kwabon da ya zube daga aljihun wani a lambu bai kai nan ba.

Malam Tafinta: Allah ya ƙara sani, Malam. Wannan ya warware mini wani sakin layi. Ga abin da ya zo mini yanzu: "farautar sulalla". Mafarauci yana fita da niyya da kayan aiki, yana iya dawowa hannu rabbana, kuma ba kowane daji ake shiga ba. Haka su ma: a birnin New York sai da takardar izini daga hukumar lambuna, a Hyde Park na Landan kuwa ba a yarda ba sai da rubutaccen izini.

Ɗan Agadas: Me ya sa sulalla, ba tsaba ba?

Malam Tafinta: Tsabar kuɗi yanzu ta koma kuɗi hannu, har da na takarda. Sulalla kuwa kowa ya san ƙarfe ne, ta kuma tuna wa mutum sule da sisi da toro, waɗanda naira ta kora a 1973, da kuma anini mai huda.

Hajiya Rabi: To zobe da maɓalli da suke tonowa fa? Sun fita ke nan.

Malam Tafinta: Sun fita, Hajiya. In rahoton ya zo kansu zan ce "farautar kayan da". Mai yi kuma "mafaraucin sulalla".

Sani Ɗan Gusau: Ni dai in na sayi tawa tsohuwar kasuwa zan nufa. Sai dai Injiniya, za ta ji kuɗin wuri?

Injiniya Habu: Wuri ba ƙarfe ba ne, Sani. Ko buhu guda aka binne za ta wuce shi shiru.