Tayar da tsohuwar motar soja M35A2 da ta daɗe a ajiye: kowa ya kawo abin da ya sani

Baban Gareji:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayar da masu sayen M35A2 a gwanjon kayan soja suke yawan yi ita ce: mota ta shekara biyar ko goma a tsaye, ta ina za a fara? Kowa ya kawo abin da hannunsa ya taɓa, ban da jita-jita. Ga wanda bai san ta ba, motar sojan Amurka ce da kamfanin REO ya fara ƙera jinsinta a wajen 1950, mai ɗaukar tan biyu da rabi a daji. Aksul uku ne, taya goma a ƙasa, nauyinta babu kaya ya kusa tan shida. Injin LDT-465 ne, silinda shida, lita 7.8.

Ni dai a ganina birki ne farko, inji daga baya. Birkinta na mai ne da iska ke taimaka wa, kuma a yawancinsu layi ɗaya ne tak ke kai mai ga duka ƙafafu shida. Tiyo ɗaya ya fashe ko silindar ƙafa ɗaya ta yi yoyo, feda ta tafi ƙasa, shi ke nan babu birki gaba da baya. Don haka ranar da aka saye ta a ɗora ta a kan tirela, kada a tuƙo ta, ko da ta tashi da bugu ɗaya.

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam Baba. Bari in ɗora a kan birkin. Masta, wato babbar silindar da ake zuba man birki, tana ƙarƙashin daɓen kan mota ta gefen direba, akwai ɗan murfi da ake ɗagawa. Kafin a ƙara mata komai a san irin man da ke ciki. Sojoji sun koma man birki DOT 5, na silikon, wanda ba ya haɗuwa da DOT 3 ko DOT 4. Sabonsa ruwan hoda ne mai duhu zuwa shunayya, amma launin yana kodewa, saboda haka kada a dogara da ido. A ɗebo kaɗan a zuba a kwalba mai ruwa a girgiza: na silikon zai rabu ya taso sama, DOT 3 kuwa zai narke cikin ruwan. In an tarar wani ya cakuɗa su, a wanke layin gaba ɗaya.

Tiyon roba duka a canza, ko da waje ya yi kyau. Suna kumbura daga ciki, mai ya tafi ƙafa ya kasa dawowa, sai ka ji ganga ɗaya ta yi zafi kamar an hura mata wuta. A cire gangunan duka shida, a ɗaga robar bakin kowace silinda. In akwai danshi a ciki ta mutu. Bututun ƙarfe a bi su da hannu, musamman inda aka ɗaure su da shasi, nan tsatsa take ɓuya. Wajen fitar da iska, a fara da na'urar da iska ke tura mai, wadda ke ƙarƙashin motar, sannan ƙafar da ta fi nisa, a ƙare da mafi kusa. DOT 5 yana riƙe ƙananan kumfa, don haka a zuba shi a hankali, kada a girgiza robar, kada kuma a yi ta tattaka feda da sauri.

Ƙurar cikin ganga a jiƙa ta a share. Tsofaffin takalman birki kan zo da asbesto, ba abin hurawa da iska ba ne.

Dattijon Dizal:
Madalla. To ga injin. Abin da ya fi kashe waɗannan injina a ranar farko shi ne gaggawar ganin hayaƙi.

A fara da sandar gwada baƙin mai. In man ya haura alama, ya yi ruwa-ruwa, yana warin gas, to gas yana zuba cikin mai, kuma wannan cuta ce sananniya a famfon injektan motar. Wurare uku ake zargi: robobin kan famfon, sil ɗin ƙaramin famfon da ke jikinsa, da na'urar da ke auna kaurin mai don injin ya iya shan mai iri-iri. A zubar da man, a sa sabo. Da filtoci biyun yana shan kimanin lita 21, kuma 15W-40 na dizal ya wadatar.

Tanki lita 189 ne. A zuƙe abin da ke ciki a leƙa da fitila. Tsohon gas da ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa yana yin baƙin yauƙi mai toshe komai. A cikin tankin akwai famfon lantarki. In an kunna makunni ya kamata a ji ƙugin sa. In shiru, a duba fiyus ɗin da ke ƙarƙashin ɗan murfi a saman tankin kafin a yanke wa famfon hukunci. Filtar gas uku ce, ɗaya a ƙasa jikin shasi, biyu a jikin inji. A canza duka, a buɗe noti na saman biyun har kumfa ta daina fita.

Yanzu abin da nake so kowa ya riƙe. A gefen famfon injekta akwai ɗan murfi inda wayar kashe inji take shiga. A buɗe shi, a taɓa ɗan hannun da ke ciki da yatsa. Dole ya motsa ya dawo da kansa. In ya ƙage a buɗe, injin zai tashi ya yi ta hawa babu mai tsayar da shi, jan wayar kashewa ba zai yi komai ba. Shi ya sa ranar tayarwar farko ake cire hular bakin iska, mutum ɗaya ya tsaya riƙe da faffaɗan katako, yana jin inji ya gudu sai ya kifa shi a bakin. Katako, ba tafin hannu ba, ba tsumma ba.

Kafin a ba shi mai, a ja wayar kashewa waje a ɗan taɓa kik sau biyu ko uku. In ruwa ko gas ya taru a silinda za a ji ya cije, sai a tsaya nan, don in aka matsa sandar fistin za ta lanƙwashe. Da ya tashi, ido a kan agogon baƙin mai. Filtocin asali suna zubar da mansu in inji ya kwana, sai allura ta ɗauki daƙiƙa goma zuwa sha biyar kafin ta ɗaga. A wannan tsakanin kada a taka totur. In ta wuce haka ba ta motsa ba, a kashe.

Sabon Shiga:
Ranka ya daɗe Dattijo, da gaske ne tana shan fetur da tsohon baƙin mai? Kuma wannan na'urar auna kaurin mai, a cire ta ko a bar ta?

Dattijon Dizal:
Tana sha, amma an yi hakan ne don ranar da soja ya rasa gas a fagen daga. Fetur ba shi da maiƙo, famfon injekta kuwa da man da ke ratsa shi yake samun santsi, don haka fetur zalla cin famfo yake yi. Fetur ɗin jirgin sama ma an rubuta a allon motar cewa kada a zuba. Tsohon baƙin mai yana ɗauke da garin ƙarfe da ruwa. Wanda bai da abin tace shi sosai ya bar wa gas aikinsa. Na'urar kuma, in tana yoyo a kewaye ta da bututu, sojoji da kansu sun yi haka a injina da yawa suka manna takarda mai cewa a zuba gas kaɗai.

Mai Sifana:
Dattijo a yi mini afuwa, akwai sharaɗi. Kewaye ta yakan ƙara yawan man da ke shiga inji. Duk wanda zai yi, ya fara ɗaura agogon zafin hayaƙi, ya dasa bakinsa kafin tobo. A hawan tudu da kaya kada ya bari ya wuce digiri 650 a ma'aunin Salsiyas, in yana wucewa a rage mai a famfo. Ba tare da agogon nan ba fistin zai narke kana jin daɗin ƙarfin da mota ta ƙara. Juyin inji ma iyakarsa 2600 a minti, kuma ba ya son a zauna masa a can. Gudun da aka rubuta mata kilomita 90 ne a awa. A 75 zuwa 80 ta fi samun natsuwa. Bayan doguwar tafiya a bar ta tana aiki a tsaye minti biyar don tobo ya huce.

Mai Faci:
Salamu alaikum manya. Taya 9.00-20 ce mai tib, a kan wili mai zobe. Zoben nan yana kisa. In bai zauna daidai ba, ko tsatsa ta ci bakinsa, yana fita da ƙarfin da zai fasa kai. A sace iska gaba ɗaya, har a cire cikin bawul, kafin a taɓa zobe. A tayoyin baya masu biyu-biyu a sace duka biyun kafin a kwance noti. Hurawa a cikin keji ake yi, da dogon tiyo mai kama bawul da kansa, mutum yana gefe. Iskar tafiya a kwalta 50 ce a ma'aunin psi.

Notocin gefen hagu zarensu na hagu ne, ana kwance su ta inda aka saba ɗaurewa. A duba kan kusar, akwai L ko R. A duba kowace ƙafa, domin wani lokaci an taɓa musanya su. Ana buƙatar soket inci ɗaya da rabi na waje, da mai kusurwa huɗu 13/16 na notin ciki.

Kada zanen taya ya ruɗe ku, tayar soja takan tsufa ba ta cinye ba. Lamba huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke jikin taya mako ne da shekarar da aka yi ta. In uku ne, an yi ta kafin 2000, ta zama abin ado. Sannan aksul biyun baya babu abin da ke raba juyinsu, tare suke tafiya dole. A auna kewayen tayoyi takwas ɗin da igiya a jera masu kama da juna, in ba haka ba aksul ɗaya yana jan ɗaya, taya na cinyewa, man giya na zafi.

Baban Gareji:
Tunda an zo ƙafafun baya: in an buɗe aka ga man giya a kan takalmin birki, yawanci ba sil ɗin ciki kaɗai ba ne. A ramin da ke kan sandar aksul, ƙarƙashin sil na waje, akwai ɗan guntun toshi da ke hana man giya bi ta nan ya wanke giris ɗin boris. Masu gyara suna mantawa da shi. A mayar da shi da ɗan gam na gasket. Notin boris soket inci uku mai kusurwa takwas yake so, kurfi da guduma ɓata shi suke yi. Kowane aksul yana da ɗan numfashi a samansa, in laka ta toshe shi mai zai nemi hanya ta sil, ko sabo ne. A gaba kuma a duba robobin gwiwa, in sun yage ruwa da yashi sun riga sun shiga. Sandunan da ke riƙe aksul na baya guda shida ne. A sa ƙarfe a banƙare kan kowace, wadda robarta ta saki za ta fita a hanya.

Mai Wayarin:
Wutarta volt 24 ce, batir biyu na 12 a jere. A saye su tare, iri ɗaya, rana ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan wutar 12 daga batir ɗaya don rediyo ko cajin waya: ɗaya zai riƙa ramewa, ɗayan yana dahuwa, duka biyun su mutu da wuri. A sa na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12. In inji na aiki, mita ta nuna wajen 28. Kada a cire kan batir inji na juyawa.

Kowace waya tana da ɗan ƙarfe mai lamba, lambar tana cikin zanen littafin gyara, TM 9-2320-361-20. Kada a yanke su. Rabin matsalar fitilu da sigina rashin kyakkyawan as ne, wato haɗin waya da ƙarfen jikin mota, fenti a kan fenti ya raba ƙarfe da ƙarfe. A kankare a ɗaure kafin a sayi komai. Motar ba ta da makulli, duk wanda ya hau zai tayar, sai a sa makunnin yanke batir a ɓoye da sarƙa a sitiyari.

Mai Walda:
Tsatsa a kusurwoyin daɓen kan mota, akwatin batir, firam ɗin gilashin gaba da ƙarƙashin bodi take fara ci. Duk wannan faci ne mai sauƙi, ƙarfen shimfiɗaɗɗe ne. Fentin ne abin tsoro: na baya-bayan nan CARC ne, fentin soja mai jure sinadarai, na ƙarƙashinsa kuma yakan ƙunshi dalma. Ƙurarsa da hayaƙinsa guba ne. A kankare wurin da za a yi walda har ƙarfe ya fito fari, da abin rufe hanci mai filta na gaske, ba ƙyalle ba. Lambar da aka buga a shasi kada a goge ta ko a cike ta da fenti, a gwada ta da ta allon dashbod da ta takardun gwanjo tun kafin a biya.

Dattijon Dizal:
Saura tuƙi, ga Sabon Shiga. Kada ka motsa sai ƙarar gargaɗin iska ta yi shiru, tana yin shiru ne a wajen 60 a ma'aunin psi, allura kuma ta ci gaba zuwa 90 ko fiye. Kowace yamma ka buɗe famfunan ƙasan tankunan iska ruwa ya fita, don ruwan nan ne ke cin na'urar birki daga ciki. Giya biyar ce, kuma ta huɗu da ta biyar sun juya: a sama ribas, biyu, biyar, a ƙasa ɗaya, uku, huɗu. Ta ɗaya ba ta shiga sai mota ta tsaya cik. Sitiyari babu taimakon mai, ka juya shi mota na tafiya, manyan yatsunka a waje da da'irar. Aksul na gaba, in naka mai makunnin iska ne, ka sa shi a yashi ko laka kawai, ka cire a kwalta. In akwai winci, kusar da ke karyewa in nauyi ya yi yawa ta alminiyom ce, kada ka musanya ta da bol na ƙarfe.

Wajen ajiyewa ka bar ta a furi, ka ja birkin hannu, ka sa waigi a taya, wayar kashe inji kuma ka bar ta a jawe. Injin nan ba ya buƙatar wuta don ya tashi. In tana cikin giya wani abu ya tura ta, za ta kama ta tafi babu kowa a ciki.