Sukarin majinyaci ya faɗi zuwa 3.2, me zan fara yi?

Tambaya: Jama'a, mai ciwon sukari ne, gumi yake yi yana karkarwa, awon sukarin jininsa ya nuna 3.2 mmol/L. Likita bai iso ba.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki jira. In yana cikin hayyacinsa, yana iya haɗiya, ba shi gulukos giram 15 zuwa 20, ki sake awo bayan minti 15. In bai kai 4 ba, maimaita. Da ya farfaɗo, ya ci abinci.

Amsa: In ya suma fa, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a yi masa allurar glucagon (maganin da ke ɗaga sukarin jini) miligiram 1, ko gulukos ta jijiya.

Amsa: Ki duba magungunansa. Glibenclamide, wani maganin ciwon sukari, na daɗewa a jiki, sukarin kan sake faɗuwa; in shi yake sha, sai a sa masa ido aƙalla awa 24.